Keke da Gwiwar Mahayi: Hikimar Daidaita Keke da Jikin Mai Shi

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin hanyar wata makarantar sakandare a Zariya, ko Katsina, ko Maraɗi, ba zai rasa ganin mahaya keke iri biyu ba. Na farko shi ne yaron da ya gaji keken mahaifinsa, keken ya fi ƙarfinsa, yana tafe yana karkata hagu da dama domin ƙafarsa ta cim ma feda. Na biyu kuwa saurayi ne wanda ya yi tsawo ya bar kekensa a baya, gwiwoyinsa na neman taɓa ƙirjinsa. Dukansu za su isa makaranta. Amma bayan 'yan watanni sai a ji ɗayansu na kukan ciwon gwiwa ko na baya, a ɗora laifin a kan sanyi ko nisan hanya, daga nan a jingine keke a zaure. Sau da yawa kuwa laifin bai wuce na 'yan santimitoci a tsawon sirdi ba.

Keke a matsayin injin da tsoka ke turawa

Keken da aka sani a yau, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ƙafar baya, ya samo asali ne daga wanda John Kemp Starley ya ƙera a birnin Coventry na Ingila a 1885. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska. A wani lissafi da S. S. Wilson ya wallafa a 1973, an nuna cewa mai tafiya a keke yana kashe kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na ƙarfin da zai kashe idan ya yi tafiyar a ƙasa.

Sai dai wannan sauƙi yana tare da sharaɗi. Mai tafiya a ƙasa yana sauya takunsa yadda ya ga dama. Mahayin keke kuwa a ɗaure yake a wurare uku: mazaunansa a sirdi, ƙafafunsa a feda, hannayensa a ƙaho. Tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare ita ke yanke wa gaɓoɓinsa yadda za su motsa. Ɗalibin da ke juya feda sau 60 a minti, wanda tafiyarsa ta rabin sa'a ce, zai lanƙwasa kowace gwiwa sau 1,800 kafin ya isa, wato sau 3,600 zuwa da dawowa, sau 18,000 ke nan a mako mai kwana biyar. Kuskuren da ba ya cutarwa a juyi guda, idan aka maimaita shi haka, dole ya bar tabo.

Abin da ke faruwa a cikin gwiwa

Babbar tsokar da ke tura feda ita ce ta gaban cinya. Jijiyarta ta bi ta kan ƙoƙon gwiwa ta je ta kama ƙashin ƙwauri, shi kuma ƙoƙon yana zamewa cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya, bisa guringuntsi mai santsi. Gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwashe a lokacin da tsokar ke ja, gwargwadon yadda ƙoƙon ke danne guringuntsin. Shi ya sa sirdin da ya yi ƙasa da yawa yakan haddasa ciwo a gaban gwiwa, ya kuma gajiyar da cinya da wuri, domin tsoka ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan ta takura.

Sirdin da ya yi sama da yawa shi ma da tasa illar. Ƙafa takan miƙe sarai a ƙasan juyi, jijiyoyin bayan gwiwa su ɗame, ƙugu ya riƙa rangaji domin cike giɓin, daga nan ciwo ya sauka a bayan gwiwa da kwankwaso.

Yadda ake auna tsawon sirdi

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar ma'auni. Mahayi ya hau keke ya dafa bango, ya sauke feda ɗaya ƙasa ƙwarai, ya ɗora diddigensa a kai. Idan ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawon ya yi. In ya mayar da gaban tafin ƙafarsa kan feda, wanda nan ne muhallin taka ta, zai tarar gwiwar ta ɗan lanƙwasa. Wasu masana lafiyar 'yan wasa na Amurka, Holmes da abokan aikinsa, sun ba da shawara a 1994 cewa wannan lanƙwasa ta kasance tsakanin digiri 25 da 35.

Hanya ta biyu ta lissafi ce. Mutum ya tsaya ba takalmi, ya jingina da bango, ya sa littafi tsakanin cinyoyinsa ya ɗaga shi har ya tokare, sannan a auna daga bakin littafin zuwa ƙasa. A 1967 Hamley da Thomas a Ingila suka gano cewa ana samun ƙarfi mafi yawa idan tazarar da ke tsakanin saman sirdi da feda, tana can ƙasa, ta kai kashi 109 cikin 100 na wannan awo. Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar tseren keke ta Faransa a 1986 da 1989 da 1990, ya yaɗa wata ƙa'idar: a ninka awon da 0.883, a auna daga cibiyar da fedoji ke kewayawa zuwa saman sirdi. Alal misali, mai awon santimita 80 zai samu 87.2 a ƙa'idar farko, da 70.6 a ta biyu. Bambancin da ke tsakaninsu ya yi kusan daidai da tsawon ƙarfen da ke riƙe da feda, wanda galibi santimita 17 ne.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai, domin mutane sun bambanta wajen tsawon tafin ƙafa da laushin jiki. A riƙa ɗaga sirdi ko sauke shi da rabin santimita, a hau na 'yan kwanaki, a ji abin da jiki zai ce. Akwai kuma wani layi da aka zana a jikin sandar sirdi, wanda bai kamata ya fito waje ba. In ya fito, sandar na iya karyewa. Wanda bai sami tsawonsa ba sai ya wuce layin, to keken ne ya yi masa kaɗan. Iyaye kuma su lura cewa yaro mai tasowa yana bukatar a sake masa awo lokaci lokaci.

Mazaunai, hannaye da wuya

A ƙasan ƙugu akwai ƙasusuwa biyu da mutum ke jin su in ya zauna a kan benci. Su ya kamata su ɗauki nauyin mahayi. Idan sirdi ya yi siriri, ko hancinsa ya ɗaga sama, nauyin yakan koma kan tsokar da ke tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini na al'aura suke, wurin ya sage. In kuma hancin ya sunkuya, mahayi ya riƙa zamewa gaba, hannayensa su ɗauki kayan da ba nasu ba. Saboda haka a bar sirdi a kwance, bai ɗaga ba, bai sunkuya ba.

Keken tsere, mai ƙaho lanƙwasasshe kamar na rago, an yi shi ne domin mahayi ya sunkuya ya rage turjiyar iska. Amma in ƙahon ya yi nisa ko ya yi ƙasa da yawa, wuya da kafaɗu ne ke biyan farashin. Haka nan akwai wata jijiya da ke bi ta gefen tafin hannu, wadda in an daɗe ana danne ta, ƙaramin yatsa da mai bi masa sukan sage. Maganin haka shi ne gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, a kuma riƙa sauya wurin riƙo.

Ribar da jiki ke samu

Zuciyar baligi a zaune tana tura jini kimanin lita 5 a minti. A lokacin aiki mai tsanani takan ninka haka sau huɗu ko fiye. Idan aka lizimci hawan keke, tsokar zuciya takan ƙara ƙarfi, ta tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka bugun mai hutawa yakan ragu. A cikin tsokar ƙafa ƙananan hanyoyin jini sukan yawaita, tsokar ta fi iya janye sukari daga jini, abin da ke taimakawa wajen kauce wa ciwon sukari da hawan jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara masu shekara 5 zuwa 17 kuwa kimanin minti 60 a kullum. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ƙaru amma mutum na iya magana. Wani bincike na Jami'ar Glasgow da aka wallafa a 2017, wanda ya bi diddigin mutane sama da 260,000 a Birtaniya, ya tarar cewa haɗarin mutuwa a tsawon binciken ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 ga masu zuwa aiki a keke, idan aka kwatanta da masu shiga mota ko jirgi. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa keke kaɗai ne sanadi ba.

Abubuwa biyu ne ya kamata a kiyaye. Na farko, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa ke zama motsi, saura zafi ne da sai gumi ya fitar. Don haka a lokacin bazara a fi son hawan safe ko na yamma, a kuma riƙe ruwa. Na biyu, tun da sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, keke ba ya ƙarfafa ƙashi kamar gudu ko ƙwallo, sai a haɗa da su. Birki mai kyau da hular kwano kuwa ba abin sakaci ba ne.

Aiki ga aji

Malamin kimiyya na iya mayar da wannan darasi aiki a filin makaranta. Littafi, da tef na tela, da sifana sun wadatar. Kowane ɗalibi ya auna ƙafarsa, ya yi lissafin, ya kwatanta da yadda sirdinsa yake, a gyara, sannan bayan mako biyu a tambayi gwiwoyi labari. Keken da ke jingine a zaure ba ya ƙara wa kowa lafiya. Wanda ya dace da jikin mai shi ne ake hawa kullum, kuma a hawan kullum ribar take.