Sabulun Ganye A Cikin Rijiyar Man Fetur

Tun sa'ad da aka ba da sanarwa a shekarar 2019 cewa an sami man fetur a Kolmani, tsakanin Alkaleri ta Jihar Bauchi da Akko ta Jihar Gombe, aka kuma buɗe aikin a watan Nuwamba na 1922 da ɗari, watau 2022, zancen mai ya shigo gonakinmu. Mutane suna ta maganar diyya da aikin yi. Mu kuwa muna so mu yi magana a kan laka.

Ba a haƙa rijiyar mai a bushe. Ana dama ruwa da wani irin yumɓu mai suna bentonait, a ƙara garin dutse mai nauyi da ake kira barait, irin wanda ake haƙowa a Azara ta Jihar Nasarawa. Sa'an nan a tura wannan laka ta cikin bututu har ƙasan rami. Ita ce ke sanyaya haƙoran ƙarfen da ke cin dutse, ta kwaso ɓaraguzai zuwa sama, nauyinta kuma ya danne iskar gas don kada ta yi tsiri.

To, ina sabulu ya shigo? Duk wanda ya yi huɗa a fadama bayan ruwan sama ya san yadda laka ke manne wa garma har shanu su gaji. Haka yumɓu yake yi wa haƙoran injin, ya dunƙule a kansu, su daina ci. Domin haka ake zuba wani sabulun ruwa, ɗan'uwan omo, a cikin lakar. Yana sa ƙarfe ya yi santsi, yumɓu ya kasa kamawa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan sabulai daga man fetur ɗin kansa ake yin su, waɗansu kuwa sukan daɗe a ƙasa da ruwa ba su ruɓe ba. A dā har man gas akan dama laka da shi. Yanzu akwai sabulun da ake haɗawa da man kwakwa ko man alayyadi da sukarin masara. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ke mai da juji taki, suna iya cinye shi. Sitacin rogo da na masara ma suna da aiki a lakar, gama suna hana ruwanta tsiyayewa cikin bangon rami.

Abin da ya shafe mu shi ne inda lakar take ƙarewa. In an gama aiki, ragowarta da ɓaraguzan dutse sukan taru a wani babban rami kusa da rijiyar. Damina ta zo, rami ya cika ya batse, sai ina? Sai rafin da shanunmu ke sha, da fadamar da muke noman rani.

Amma kada kalmar "na ganye" ta sa mu saki jiki. Kakanninmu sun yi wanki da ɓawon aduwa domin yana kumfa, duk da haka wannan kumfa tana kashe kifi da dodon koɗi in ta yi yawa a kududdufi. Abu mai ruɓewa yana bukatar lokaci kafin ya ruɓe. Har wa yau, sabulu ɗan kaɗan ne a cikin lakar. Gishiri ba ya ruɓewa, ƙasar da ya shiga kuwa masara ba ta jin daɗinta. Ɗanyen man da ya hau tare da ɓaraguzai shi ma yana nan. A ganinmu sabulun ganye ya fi, nesa ba kusa ba, amma shi kaɗai ba ya wanke laka.

Saboda haka in masu haƙa suka kira taron gari, kada ƙungiya ta tafi da zancen kuɗin gona kaɗai. Ku tambaya wane irin laka za su dama, ta ruwa ce ko ta mai, da irin sabulun da ke ciki. Ku nemi a nuna muku cewa an shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan ramin, a kuma faɗi wanda zai kwashe abin da ya rage. Mafi muhimmanci, a auna ruwan rijiyoyinku da na rafi tun ba a fara haƙa ba, a rubuta sakamakon da kwanan wata. Sakataren ƙungiya ya ajiye takarda ɗaya, ɗaya kuma a kai wa mai gari.