Gurbin da Ba a Cika Ba: Matsalar Madadi a Fom na Django

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba abin da ke faruwa idan mai cika fom a intanet ya bar wani gurbi babu kome. Mun zaɓi Django, wanda aka fitar a shekarar 2005 cikin harshen Python, domin da shi muka gwada tsara fom na shigar da makin ɗalibai.

Da farko ya kamata a lura cewa rashin amsa iri biyu ne. Idan gurbin rubutu ne, burauza takan aika da sunansa duk da haka, tare da rubutun da babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Amma idan ɗan akwatin nan ne da ake yi wa alama, aka bar shi ba alama, to, ko sunansa ba ya isa wurin sabar. Daga wannan bambanci ne yawancin kurakurai ke tasowa.

Alal misali, mai tsara shiri yakan rubuta request.POST.get("maki", 0), yana zaton sifili zai maye gurbin duk makin da ba a rubuta ba. Ba haka abin yake ba. Madadin yana aiki ne kawai idan sunan bai zo ba sam. Tun da kuwa ya zo, rubutu marar kome za a samu, wanda da zarar an nemi mayar da shi lamba shirin zai tsaya da kuskure. Haka kuma initial, wato abin da ake nunawa a gurbi tun da fari, Django ba ya komawa gare shi idan an goge.

Wasu sukan kauce wa wannan ta hanyar tilasta sifili a kowane hali. A ganinmu wannan maganin ya fi cutar muni. Ɗalibin da rashin lafiya ta hana shi zama jarrabawa, ko wanda malami bai gama duba takardarsa ba, sai a wayi gari an rubuta masa faɗuwa, alhali babu wanda ya yanke masa wannan hukunci, kuma duk malami ya san wahalar gyara maki bayan an amince da sakamako.

Saboda haka muka yi amfani da IntegerField tare da required=False, wanda yake mayar da gurbi marar kome ya zama None, sa'an nan muka ba rumbun bayanai damar ajiye shi haka. Jami'in jarrabawa yakan sami jerin waɗannan sunaye daban, ya tuntuɓi malamin darasin kafin a haɗa jimla.