Yadda A Ke Karanta Yashin Rafi Wajen Neman Zinariya

Duk wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi ko Tarauni bayan an ɗauke ruwan sama, ya kan ga yashi ya kwanta a bakin magudanai. Yashin nan ba a nan ya samu ba, ruwa ne ya kwaso shi daga tudun da ya ratso. To, a kan wannan ne masana duwatsu suka gina wata hanya ta neman ma'adinai. Kowane rafi ya kan ɗauko ɗan guntun kowane dutse da ke cikin ƙasar da ya ke sha wa ruwa, saboda haka dintsi guda na laka ya kan ba da labarin ƙasa mai faɗi.

An soma haƙar zinariya a hukumance a Nijeriya cikin 1913, aikin ya yi ƙarfi daga 1933 zuwa 1943. Wuraren da aka fi samunta a Arewa su ne Birnin Gwari da Maru da Anka da Bin Yauri. A da, da ƙwarya ko kwano a ke wanke yashi, ido ya yi hukunci. Yanzu kuwa a kan ɗebo laka daga rafuka masu yawa, a shanya, a tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu, sa'an nan a kai ɗakin awo. Zinariyar da ke cikin dutse na yau da kullum ba ta wuce kashi kaɗan cikin biliyan ba, watau ido ba shi da ta cewa, sai ƙididdiga.

Aikin ƙididdiga shi ne ta raba abin da ƙasa ta saba da shi da abin da ya fita daban. Cikin 1962 Hawkes da Webb suka bayyana wata ƙa'ida: a fitar da matsakaicin awon duka, a ƙara masa ninki biyu na ma'aunin warwatsuwarsu, abin da ya haura wannan iyaka a bi sawunsa. Amma ƙa'idar tana da tarko. A misali, a ce an auna rafuka tara, aka sami 2, 2, 3, 3, 3, 4, 4, 5, da 100. Matsakaicinsu 14 ne, alhali kuwa takwas daga cikinsu ba su kai rabin haka ba. Lamba guda ta ja lissafin duka, har ta ɗaga iyakar ta ɓoye rafukan da suka cancanci a koma musu. In kuwa aka jera su aka ɗauki ta tsakiya, 3 za a samu, ita ce kuwa ainihin halin ƙasar. Tun 1954 Ahrens ya nuna cewa haka yawancin ma'adinai su ke: ƙanana da yawa, manya ƙalilan. Shi ya sa masana su kan juya lambobin zuwa logaritim, ko su dogara da ta tsakiya.

Har wa yau, zinariya ƙwaya-ƙwaya ta ke zuwa. Ƙwaya guda ta iya faɗawa cikin wannan dintsi, ta tsallake na kusa da shi. Don haka a kan duba abokan tafiyarta, kamar arsenik da jan ƙarfe da dalma. In lissafi ya nuna suna hawa tare a rafuka maƙwabta, magana ta yi ƙarfi.

Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an san dalilin tsaminsa. Da za a auna yashin magudanan Gyadi-Gyadi a sami dalma da yawa, tsofaffin batura da sharar garejin makanikai za a fara tuhuma, ba ma'adini ba. Lamba ba ta faɗin asalinta, sai an haɗa ta da sanin wuri.

Dalmar nan kuma ba alama kaɗai ba ce, guba ce. Cikin 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda an riƙa daka da niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Takardar awon da ke nuna wa mai nema inda zai haƙa, ita ce kuma za ta gaya wa hukuma da masu gari irin dutsen da bai kamata ya shiga tsakar gida ba.