Gashuwa: Haɗarin da ke ɓoye a mahaɗar bututu

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013, ma'aikata ke neman hayar gida mai banɗakin zamani. A unguwa irin Katuzu, duk mai gidan da ya jona sabon bututun roba da tsohon na ƙarfe, to ya lura da mahaɗar. Kaurinsu ya bambanta, gam ba ya kama ƙarfe, simintin da ake liƙawa kuma yakan tsage. Daga nan ƙazanta ke tsiyaya zuwa rijiya, a garin da ambaliyar 2022 ta shafa. Gyaran shi ne a kankare tsatsa, a haɗa su da roba mai ɗamarar ƙarfe, a gwada da ruwa kafin a binne.