Ɗakin Tattabarun da Ya Ci Hatsin Talakawa

A ƙauyen Varengeville, kusa da birnin Dieppe a gaɓar tekun arewacin Faransa, akwai gidan gonar da wani hamshaƙin mai jiragen ruwa, Jean Ango, ya gina wajajen 1530 zuwa 1545. Ginin da ya fi ɗaukar ido a tsakar gidan shi ne ɗakin tattabaru. Zagayayye ne, dogo kamar ƙaton rumbu, an jera jan bulo da baƙin dutse a jikinsa, aka fitar da zane iri-iri. A ciki akwai ramuka kimanin 1,600, kowanne na tattabaru biyu, mace da namiji. Ka ga tsuntsaye 3,200 ke nan.

Duk wanda ya taɓa kiwon tattabaru ya san ɓera da muzuru su ne abokan gaba. Maginan irin waɗannan ɗakuna sukan zagaye bango da wani leɓen dutse da ya turo waje, don ɓera ya hau ya rasa hanyar wucewa. A tsakiyar da yawa daga cikinsu kuma akan kafa gungume mai juyawa, a ɗaura masa tsani. Mai kula da tsuntsayen yana kan tsanin, sai ya tura bango da hannu, ya zagaya ramukan yana kwasar 'ya'yan da suka kai mako huɗu, lokacin da namansu ya fi taushi. Kashinsu ma dukiya ne, domin taki ne mai ƙarfi. A Ingila har gishirin haɗa albarushi aka riƙa haƙowa daga daɓen irin waɗannan ɗakuna.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abincin tsuntsayen. Maigida ba ya ciyar da su sai kaɗan. Da safe su tashi su sauka a gonakin maƙwabta, su tsince irin da aka shuka, da kaka su ci hatsi. A Normandi kuwa, yankin da Varengeville yake, sai mai sarautar ƙasa doka ta yarda ya gina irin wannan ɗaki, talaka kuma bai isa ya taɓa tattabarar ubangidansa ba. Talaka ya yi noma, babba ya ci nama.

Shi ya sa da aka tattara koke-koken ƙauyuka a 1789, tattabaru suka fito a cikinsu sau da dama. A watan Agustan shekarar, majalisar juyin juya halin Faransa ta soke wannan gata. Ta ce a riƙa kulle tsuntsayen a lokutan da jama'ar gari suka tsayar, kuma a lokacin kowa na da ikon kashe wadda ya samu a gonarsa.

Yau masu yawon buɗe ido ne ke zuwa kallon adon bulon. Ginin ya cancanci yabo, amma manoman Varengeville ne suka ciyar da mazaunansa.