Ƙasar garka ma tana da tumbi: takin zamani, takin bisashe da noman tumatir a Bana

Da an gama girbin hatsi, mutane da yawa a Bana da ƙauyukan dallol sukan koma garka: rake, rogo, dankali, albasa da tumatir. Kukan da ake yawan kawo wa malaman gona da na dabbobi iri ɗaya ne. Mutum zai ce: shekarun farko rabin buhun taki ya ishe ni, yanzu ina zuba buhu guda amma kwandunan tumatir sai raguwa suke yi. Wasu na ɗora laifin ga iri, wasu ga masu sayar da taki. Sau da yawa ba nan matsalar take ba. Ƙasar ce ta gaji, kuma maganin gajiyar yana bayan ɗakinku, a turken bisashe.

Me ke cikin ƙasa?

Makiyayi ya fi kowa saurin gane wannan magana. Saniya ba da ƙarfin kanta take narkar da kara da ciyawa ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke dafa mata abincin. Shi ya sa in tunkiya ta faɗa wa buhun hatsi ta ci ta ƙoshi, tumbin sai ya yi tsami, waɗannan halittu su mutu, cikin ya kumbura, wani lokaci har a kai ga wuƙa.

To, ƙasar garka ma haka take. A cikin cokalin shayi guda na ƙasa mai rai akwai miliyoyin irin waɗannan halittu, sai da madubin likita ake ganin su. Akwai bakteriya, akwai dangin funfuna. Manyansu kuwa kun san su: tana, gara da buzuzu. Aikinsu shi ne su ruɓar da kashin shanu da ganye da kara, su mayar da su abincin da saiwa ke iya sha. Su kuma ke haɗa ƙwayoyin rairayi su dunƙule, ƙasa ta riƙe ruwa. Wani irin funfuna yana manne wa saiwar tumatir, ya miƙa zare sirara cikin ƙasa yana jawo mata fosfor da ruwa daga inda ita ba ta kai ba. Wasu bakteriya kuma suna zaune cikin ƴan ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, suna kamo azot daga iska. Ku tuge wake ku fasa ƙullin: in cikinsa ja-ja ne, suna kan aiki.

Abincin yawancin waɗannan halittu shi ne abin da ya taɓa rai ya ruɓe. Buhun takin zamani ba ya ɗauke da shi ko kaɗan.

Abin da buhu ke yi, da abin da ba ya yi

Ba muna cewa takin zamani mugun abu ba ne. Ƙasarmu tana da ƙarancin fosfor ƙwarai, kuma tumatir shuka ce mai ci. Ure, wanda mutanen Kamba ke kira yuriya, yana da azot kashi 46 cikin 100. Takin 15-15-15, wato kamfa, yana da azot da fosfor da potas. Babu kashin saniyar da ya kai su ƙarfi.

Amma shi kansa ure sai ƙananan halittu sun juya shi kafin shuka ta amfana. Kun ga misalinsa wajen gyaran kara da ure don ciyar da bisashe: kilo 4 zuwa 5 ga kilo 100 na kara, a jiƙa, a rufe mako biyu zuwa uku. In an yi daidai, shanu su yi ƙiba. In saniya ta sha ruwan ure kai tsaye, guba ne. A cikin ƙasa kuma, duk lokacin da aka juya ure ana barin ɗan tsami. Shekara bayan shekara tsamin yana taruwa, musamman a ƙasa mai rairayi wadda ba ta da ƙarfin jure shi. Tumatir na son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, abin da masu awo ke rubutawa pH 6 zuwa 7. In ta sauka ƙasa da 5,5 saiwa ta daina yaɗuwa, fosfor ɗin da ka saya da kuɗinka ya maƙale cikin ƙasa, bakteriya masu amfani su ragu. Haka nan in fosfor ya yi yawa, funfunan nan mai taimakon saiwa yakan ja baya.

Wannan ba zance ba ne na baki. A Samaru kusa da Zariya an buɗe gonar gwaji tun 1950, a Saria ta Burkina Faso kuma tun 1960, ana gwada takin zamani zalla da takin da aka haɗa da kashin shanu, a fili ɗaya shekaru da dama. A Saria, dawar da aka yi wa takin zamani zalla ta yi kyau da farko, daga baya ƙasar ta yi tsami amfanin ya faɗi. Inda aka haɗa da kashin shanu, amfanin ya ɗore. A ƙasar Sin ma, wani babban bincike da aka fitar a 2010 ya nuna gonakinsu sun ƙara tsami sosai daga shekarun 1980, saboda yawan zuba takin azot.

Gidan leda da gishirin Fogha

Yanzu ana yawan jin zancen noman tumatir cikin gidan leda ko rumfar raga. A kudancin Sipaniya da ƙasar Sin akwai dubban hektoci a rufe haka, kuma a Najeriya wasu manyan manoma sun kama. Abin da ke jan hankalin mutane a fili yake: tumatir na tsada da damina, kuma rumfa na kare shi daga dukan ruwa da ƙwari, irin tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016.

Sai dai rumfa na da nata ciwon. A fili, ruwan damina yana wanke ragowar taki ya yi ƙasa da shi. Yankin Gaya kuwa shi ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Ƙarƙashin leda babu wanki. Ruwan ban ruwa ya ƙafe, gishirin taki ya hau sama ya yi fari-fari. Ga kuma tumatir bayan tumatir a wuri ɗaya, sai ƙwayoyin cuta su sami gida, masu amfani su yi ƙaranci.

Mutumin dallol ba ya buƙatar a kwatanta masa farar ƙasa. Gishirin Fogha daga cikin ƙasar nan ake tace shi tun kaka da kakanni. Wanda fangalinsa ke kusa da wurin da gishiri ko kanwa ke tsattsafowa, halinsa ɗaya da mai gidan leda ko da bai kafa rumfa ba: duk hannun taki da ya ƙara, gishiri ya ƙara. Alamunsa, bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na da danshi, ƴaƴa su ƙanƙance. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir ma ba ƙwaro ba ne, kada ku ɓata kuɗi wajen feshi. Kalsiyom ne bai isa ɗan ba, saboda ban ruwa na yau a yi gobe a bari, da yawan ure, da gishiri. A irin wannan wuri kada a zuba toka, kuma lokaci-lokaci a yi ban ruwa mai yawa don gishirin ya sauka.

In shuka ta yi yaushi, a duba kafin a ƙara taki. A tuge guda. In saiwar ta kumbura ta yi gudaji-gudaji, tsutsar saiwa ce, kuma tana son rairayi. In saiwar lafiya lau amma shukar ta kwanta da ɗanyen ganyenta, a yanke karan a tsoma cikin kofin gilashi mai ruwa garau; in wani farin abu kamar madara ya zubo, ciwon bakteriya ne. Duka biyun taki ba ya maganinsu. A bar tumatir, tattasai, barkono da gauta a wurin na ƴan shekaru, a sa masara ko albasa.

Takin turke da na mashekari

A nan ne mai kiwo ya fi kowa sa'a. Amma takin da ake kwasowa ya bushe ƙarau cikin rana ya riga ya yi asarar ƙarfinsa mai yawa. Kaso babba na azot da potas yana cikin fitsari ne, ba cikin kashi ba. Don haka a shimfiɗa ragowar kara, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa a turke su tsotse fitsarin. A tara cikin rami ko tsibi a inuwa, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba caɓi ba, a juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, wari ya tafi, zafin ya huce. Zafin nan da yake yi a tsakiya shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwan tsutsar ciki. Ɗanyen kashi yana ƙona dashe, na kaji ya fi kowane zafi, kuma yana iya sa wa masu cin ɗanyen tumatir ciwon ciki.

Abu biyu daga ɓangaren likitan dabbobi. Bisar da aka yi wa allurar ivermectine, kashinta na makonnin farko yana kashe buzuzu da sauran ƙwarin da ke ruɓar da taki; a tara shi gefe guda ya daɗe. Mushen da ta faɗi farat ɗaya kuwa, jini na fita hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a kusantar da ita ramin taki. Ƙwayar ciwon saifa tana yin shekaru da yawa cikin ƙasa. A sanar da ma'aikacin kiwo nan take.

Tsohuwar yarjejeniyar mashekari, inda makiyayi ke kwana da garkensa a gonar manomi a ba shi hatsi da ruwan rijiya, har yanzu ita ce hanya mafi arha, domin fitsari da kashi duk suna sauka a wurin. Tun tashin kuɗin taki na 2022, amalanken taki ya zama haja. Makiyayi ya san darajar abinsa kafin ya bayar kyauta.

Awo ga fangali mai mita 10 tsawo, mita 1 faɗi

Ruɓaɓɓen taki kilo 20 zuwa 30, a cuɗa da ƙasa mako biyu kafin dashe. Kamfa giram 300 zuwa 400 lokacin gyaran fangali. Ure giram 100 bayan mako uku da dashe, wani giram 100 in fure ya fara. Marfin kwalbar lemo yana ɗaukar kamar giram 6 na kamfa, ga wanda ba shi da sikeli. A sa ure tazarar yatsu huɗu daga gindi, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. In an bar shi a sarari, ko an haɗa shi da toka, ƙarfinsa iska ke tafiya da shi. A lulluɓe fangalin da busasshiyar ciyawa don rana kada ta gasa saman ƙasa.

Wanda ke shakka ya ware fangali biyu a bana: ɗaya takin zamani zalla yadda ya saba, ɗaya rabin wannan awo tare da takin turke. Iri ɗaya, ruwa ɗaya. Ya ƙirga kwandunan kowane, ya maimaita baɗi a wuri guda, domin aikin takin turke ya fi fitowa a shekara ta biyu. Mai son a auna masa tsami ko gishirin ƙasarsa ya ɗebo ta daga wuri biyar cikin garka, zurfin taƙi guda, ya haɗa, ya kai wa malamin gona na Gaya don a aika wa ɗakin awon ƙasa na INRAN.