Ƙarya da Nufin Mai Magana a Maƙamar Bagadaza

Nahawu ba ya kama maƙaryaci, domin jumlar yaudara da jumlar gaskiya ƙirarsu ɗaya ce. Wanda ke neman inda ƙarya take sai ya dubi abu uku: nufin mai magana, da abin da mai sauraro ya ɗauka, da halin da aka yi maganar. Paul Grice ya nuna, a maƙalarsa ta 1975, cewa zance yana tafiya ne bisa zaton ba wanda zai faɗi abin da ya san ba haka yake ba. Wannan zato kuwa shi ne jarin maƙaryaci.

Ga misali daga Maƙamar Bagadaza ta Badi'uz Zaman al-Hamadani, wanda ya rasu a 1008. Isa ɗan Hisham, ba shi da ko anini, ya tari wani baƙauye ya gaishe shi da sunan Abu Zaidu. Mutumin ya ce shi Abu Ubaidu ne. Isa ya ɗora laifin kan Shaiɗan, ya tambayi lafiyar mahaifinsa, da ya ji ya rasu sai ya yi kamar zai keta rigarsa. Sa'an nan ya ja shi wurin mai gashin nama, suka ci suka ƙoshi, ya ce bari ya nemo ruwan sanyi, ya sulale. Baƙauye ya sha duka, ya kuma biya.

To, a lura. Gaisuwa ba labari ba ce, balle a ce gaskiya ce ko ƙarya, amma kiran suna yana ɗauke da da'awar sanayya. Tambaya ma haka take. Al'ada ce ta gaya wa baƙauye cewa mai gayyata shi ke biya, kwaɗayinsa ya ƙarasa sauran. Watau da hannun mai sauraro aka gina yawancin yaudarar.

Shi marubucin fa? Bai yi wa mai karatu ƙarya ba, domin sun san da juna cewa ƙage ne. Al-Hariri, wanda ya rasu a 1122, wanda kuma ake karanta Maƙamominsa 50 a zaurukan malamanmu, ya kare kansa a gabatarwarsa da misalin labaran da ake sa wa dabbobi a baki. Saboda haka ya kamata malami ya koya wa ɗalibansa rarrabe ƙage da ƙarya, ya riƙa tambayarsu a kowace jumla: wa ke magana, da wa, me kuma yake so a ɗauka?